Samarin da ke wanke mini farantan sola a Injamena

Ƙanƙara da zoɓo da kunun aya nake sayarwa a ƙofar gida, kuma abincinmu duka yana wuyan firiza biyu da farantan sola shida da ke kan kwanon ɗakina. Da can jikana ke hawa ya goge su. Ranar da tsani ya zame da shi na ce an yi an gama. Tun watan Mayu na ɗauki wasu samari biyu, wa da ƙani, masu sana'ar wanke sola, a kan sefa dubu biyar duk wata. Maƙwabta sun dame ni da tambaya ko kuɗin na biyan kansa, to ga abin da na gani.

Ranar farko na ce su riƙa zuwa Litinin da Alhamis. Babban ya girgiza kai. "Hajiya, wannan lissafin hunturu ne. Yanzu hadari za mu bi, ba ranaku ba." Ya yi shekara biyu yana karatun labarin ƙasa a jami'a kafin rashin kuɗi ya dawo da shi gida, kuma ba ya ƙyashin bayani. Hazon hunturu, in ji shi, kullum yake sauka kaɗan-kaɗan, fari kamar garin rogo. Akasarinsa daga kwarin Bodele yake tasowa, can arewa wajen Faya, inda gindin tsohon babban Tafkin Cadi ya bushe tun dubban shekaru. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara gudu, ta kwaso farar ƙasar ta kawo mana. Wannan kam ana iya yanka masa rana.

Ƙurar ƙarshen bazara da farkon damina dabam take, duk wanda ya taɓa kwashe shanya da gudu ya santa. Hadari ya haɗu a gabas da la'asar, kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa sai jan bango ya taso ya rufe gari. Ban taɓa sanin dalili ba sai a bakin yaron nan. Ruwan da ke zubowa daga gajimare yana ƙafewa a hanya saboda bushewar iska, sai iskar ta yi sanyi ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi, ta bazu tana tura busasshiyar ƙasa a gabanta. Abin da ya fi cutar da ni shi ne yayyafin da ke biyo baya. Bai isa ya wanke gilashi ba, sai dai ya kwaɓa ƙurar ta zama taɓo, rana ta gasa shi. Washegari batir ba ya cika, ƙanƙara ta narke, zoɓon jiya ya yi tsami. A nan samarin suka burge ni: in aka yi irin wannan dare, ana idar da sallar asuba sai in ji sallamarsu, da buroshi mai laushi da bokiti, tun gilashi bai ɗauki zafi ba. Ba sa sa omo, ba sa taka farantan.

Amma ranar da na yarda da su ɗari bisa ɗari, ba su wanke komai ba. Cikin Yuli ne. Sama ta yi fari fat, ana iya kallon rana ido da ido, ba iska, ba ƙura a tsakar gida, ga wuta ta ragu. Na kira babban raina a ɓace. Ya hau, ya shafa, ya sauko ya nuna mini yatsansa tas. "Hajiya, ƙurar yau tsanina ba ya kai mata." Zafin Sahara a wannan lokaci yana ɗaga ƙura sama har kusan kilomita 5, iskar damina mai laima da ke zuwa daga kudu maso yamma kuma ta shige ta ƙarƙashinta, sai ƙurar ta zauna bisa kanmu tana tare rana ba tare da ta sauko ba. Daga can iskar gabas ke jan ta yamma, ta ƙetare tekun Atlantika cikin kamar mako guda. A watan Yunin 2020 irin wannan ƙurar ta dusashe sararin tsibiran Karibiyan. Ya ce in kashe firiza ɗaya da dare har sama ta washe, ya ɗauki tsaninsa ya tafi. Da wani ne, da ya watsa ruwa ya nuna mini ya yi aiki.

Suna da nasu laifin. Bayan babbar guguwa kowa kiransu yake, su biyu ne kawai, sau uku sai da hantsi suka iso, kuma ban bari sun zuba ruwa a gilashi mai zafi ba, aka bari sai yamma, cinikin ranar ya tafi. Ruwan burtsatsen da suka fara zuwa da shi yana barin farin tabo, yanzu ruwan sama nake tara musu a randa. Ƙaramin kuma ya lotsa mini kwano wuri ɗaya da ƙafar tsani, ya ba da haƙuri, ya ɗaura tsumma a ƙafafun tun daga ranar.

Na sabunta da su har ƙarshen Oktoba, da sharaɗin gidana ne na farko a unguwa duk safiyar da ta biyo bayan hadari. Na ƙara musu dubu ɗaya a kan haka, da gorar zoɓo mai sanyi kowa.