Tsofaffin ƙofofin Ƙofar Ruwa, bayan damina biyu

Gidanmu na gado a cikin birnin Kano ginin ƙasa ne, kakanmu ya gina shi, kuma har yau Hajiya tana ciki, ba ta da niyyar barinsa. A farkon 2024 muka tashi gyara shi, daidai lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000. Abin da ni da ƙannena muka harhaɗa ba zai kai ko'ina ba in an ce komai sabo za a saya. Dattijon maginin da ya saba yi wa gidan yaɓe tun mahaifinmu yana da rai shi ne ya ce mini: "Ɗana, kafin ka shiga shagon sabo, fara zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa." Yanzu damina biyu ta wuce a kan tsofaffin kayan da na saya, shi ya sa nake ganin lokacin magana ya yi.

Yawancin mutane rodi da kayan mota suka san kasuwar da su, amma in ka kutsa ciki za ka tarar da ƙofofi da tagogi da aka ciro daga gidajen da aka rushe, an jingine su jere. Na sayi ƙofar ƙarfe ɗaya ta zaure, ƙofofin katako uku, da tagogi huɗu masu ƙarfen tsaro. Duka ba su kai rabin abin da aka yi mini lissafi na sababbi ba.

Ƙofofin katakon nan su ne suka fi faranta mini rai. Kafinta na kankare tsohon fenti sai ga jan katako, ya dube ni ya ce madaci ne. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaga ko guda. Wanda ya taɓa sayen ƙofar zamani ta filawud, wadda cikinta fanko ne, ya san yadda take kumbura ta ɓare da zarar ruwa ya taɓa gindinta. Waɗannan sun sha ruwan Agusta sau biyu, sun sha hunturu da ƙurarsa, ba wadda ta karkace ko ta ƙi rufuwa. Ranar da aka kafa ta ɗakin Hajiya ta daɗe tana shafa ta, ta ce irin ƙofar ɗakin aurenta ce. Ban san zan ji abin da na ji ba a lokacin.

Sai dai ba a saye da ido kawai. Kafintan ya raka ni, kowace ƙofa sai ya ƙwanƙwasa ta ya saurara, ya soka ƙusa a gindinta. Biyu muka bari saboda gara ta cinye cikinsu alhali fentin waje fes. Ta ƙarfen kuwa ƙasanta ake dubawa, nan tsatsa take farawa. Tamu sai da mai walda ya yanke kusan taƙi ɗaya ya sa sabon falle, aka goge aka shafa jan fenti kafin a yi mata kala. Ku sa wannan a lissafi, da kuɗin a-kori-kura, da na masu ɗauka, domin mota ba ta shiga lungunmu. Kuma ku tafi da awo a rubuce. Ƙofofin gidan ƙasa gajeru ne, bangon kuma kauri gare shi, babu biyu da suka zo daidai da juna. Taga ɗaya sai da aka sassaƙe bango kafin ta zauna.

Inda na yi asara shi ne kwano. A wani wuri daban na samu tsohon kwano da araha, kusan bandir biyu, na rufe rumfar tsakar gida da kicin. Mai sayarwa ya ce ramukan ƙusa ba komai ba ne, a toshe da kwalta. An toshe. Zafin Afrilu ya busar da ita ta tsattsage, ruwan farko na sauka kicin ya fara yoyo a wuri shida, har buhun gero ya jiƙe. Bana na cire na kicin na sa sabo, ga kuɗin kafinta sau biyu. Ba zan ƙara sayen kwanon da aka taɓa bugawa ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya saya ba. Wayar lantarki da makunnai tun farko sababbi na saya, domin gida mai rufin azara da tsohuwa a ciki ba wurin gwaji ba ne.

Azarar soron ma ban taɓa ta ba. Na so a sauke rufin a buga kwano, maginin ya hau ya duba ya ce giginyar lafiyarta ƙalau, indararo ne ya toshe ruwa yake kwanciya. Haka kuma maginin ya hana ni shafe bangon da siminti, ya ce ba ya kama ƙasa, sai ya riƙe danshi a ciki wata rana ya zubo gaba ɗaya. Yaɓe ya sake yi ya bi da makuba, kuɗin simintin ya tafi ga daɓen tsakar gida.

Saura ɗakin baya, wanda har yanzu labule ne a bakinsa. Awon ƙofarsa yana aljihuna, kuma na riga na gaya wa kafintan ya ware mini Asabar ɗaya bayan an gama girbi mu koma kasuwar.