Filogin hita: wanne ya kamata mai tsohuwar motar gas ya saya?

Da hunturu ya kankama a Kano, wajen Disamba zuwa Janairu, tsofaffin Hilux da Dyna da Canter kan ƙi tashi da asuba, ko su tashi suna karkarwa da farin hayaƙi. Injin gas ba ya aiki da tartsatsi, zafin iskar da fistan ya matse ne ke kunna man, kuma ƙarfe mai sanyi yana shanye wannan zafin. Aikin filogin hita ke nan: bakinsa ya yi ja ya taimaka wa man ya kama.

Kafin ka nufi kasuwar Kofar Ruwa sayen filogi, a duba batir da fis da rile, don sau da yawa filogan lafiyarsu ƙalau, wuta ce ba ta isa gare su. Sannan a cire wayar da ta haɗa su, a auna kowanne da mita. Na mota mai batir 12V yakan nuna kusan ohm 1. Wanda bai nuna komai ba ya ƙone.

Kala uku za ka tarar. Sabo na NGK, Denso ko Bosch shi ya fi tsada, kuma shi muke ba da shawara in mota ce ta neman abinci, amma a kula da jabu a kwali mai kyau. Na Beljiyam yana da sauƙi, sai dai ba ka san saura nawa ya rage masa ba. In za ka saya, kuma ba mai 6V ko 7V ba ne, a jona shi da batir a gabanka na 'yan daƙiƙu: daga tsinin ya kamata ya fara ja, ba daga tsakiya ba. Sabo mai araha wanda ba shi da suna kuwa, a bar shi. Bakinsa kan kumbura ya ƙi fita, ko ya gutsure ya faɗa kan fistan, a kai ga sauke kan injin.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne dacewa. Tafi da tsohon a hannu, a gwada tsawo da zare, a karanta lambar da ke jikinsa. Mai 11V na motar 12V ne, mai 23V na motar 24V. Akwai kuma masu 6V ko 7V da ke aiki da na'urar ƙayyade lokaci. Irin waɗannan in aka ba su wuta kai tsaye ta maɓalli, kamar yadda wasu masu wayarin ke yi, nan take suke ƙonewa.

A sauya duka huɗun tare. A kwance su injin na da ɗumi, bayan an jiƙa zaren da man sassauta tsatsa. Wajen ɗaurewa, mai zare M10 kusan 15 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ya ishe shi, wajen 35 yake karyewa. In kuma sababbin sun sake ƙonewa cikin 'yan watanni, a kai nozul, wato abin da ke fesa man a injin, gwaji, don mai ɗigar da mai yana cinye bakin filogi.