Kafin sayen tsohon jirgin kamun kifi a Yamai: katako, ƙarfe ko faiba?

Mai neman tsohon jirgin su a bakin kogin Isa, wato kogin Neja, yakan je ne da safe, lokacin da ruwa yake kwance, kuma a irin wannan lokaci kowane jirgi lafiyayye ne. Amma kogin yana cika sau biyu a shekara a Yamai. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan Sirba da Dargol da Goruwal suke kwararowa daga ɓangaren Burkina Faso, mai ƙarfi da laka da tarkacen itace, irin wanda ya haddasa ambaliyar 2020. Akwai kuma cikar da take isowa daga Gine a tsakiyar hunturu. Ga iskar hadari wadda takan tayar da igiyar ruwa cikin ƴan mintoci. Saboda irin waɗannan ranaku ake zaɓen jirgi.

Kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungume guda, musamman na maɗaci, yana daɗewa kuma yana da daɗin tuƙi da filafili, sai dai siriri ne, bakinsa kusa da ruwa. Ya dace da mai jefa birgi a gefen gaɓa. Ban ga hujjar saya wa tsakiyar kogi shi ba.

Jirgin katako mai faɗin gindi shi ne ya fi yawa, kuma shi ya fi buƙatar bincike, domin sabon fenti da kwalta suna rufe aibi mai yawa. A nemi mai jirgi ya fitar da shi tudu a kife shi. A bi gindinsa da tsinin wuƙa, musamman wurin da alluna suka haɗu da kewayen kowace ƙusa. Inda wuƙa ta nutse ba tare da an danna ba, katakon ya ruɓe. Baƙin zobe a kewayen ƙusa alama ce cewa tsatsa ta cinye ta, kuma igiyar ruwa idan ta yi ta dukan gaban jirgi, irin waɗannan ƙusoshi ne suke fara saki. A tambaya kuma da wane katako aka yi shi, domin farin katako mara nauyi yana saurin shan ruwa, jan katako kuwa ya fi jimiri ko da ya fi tsada. Faci ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne a tsohon jirgi. Abin gudu shi ne gindin da ya lanƙwashe, ko jirgin da yake murɗewa idan mutum biyu suka ɗaga shi ta gaba da baya. Fa'idarsa babba ita ce kafinta na bakin kogi zai gyara shi a yini guda, kuma ko ya cika da ruwa yakan daɗe bai nutse gaba ɗaya ba, abin da zai ba mutum abin riƙewa.

Na ƙarfe yana jure karo da duwatsu idan ruwa ya janye a Mayu da Yuni, kuma masu walda ba su da wuyar samu a Yamai. Amma idan ya huje ko ya cika, nan take yake tafiya ƙasa, sai fa idan an yi masa rufaffun akwatunan iska a gaba da baya. Wanda ba shi da su, a ganina, bai cancanci ruwa mai tashi ba komai arharsa. A ƙwanƙwasa gindinsa da guduma, a duba layukan walda ta ciki inda ruwa yake kwana.

Na faiba, wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi, ba shi da nauyi, ba ya shan mai sosai, kuma mai tsinin gindi yana yanka igiyar ruwa maimakon ya yi ta dukanta. Rauninsa yana ɓoye ne a allon baya inda ake ɗaura inji, domin sau da yawa akwai katako a cikinsa. A kama ƙafar injin a girgiza da ƙarfi. Idan allon ya motsa ko ya fitar da ruwa, a bar cinikin. Kayan gyaransa ma ba a kowace kasuwa suke ba.

Injin kuwa, ko Yamaha mai ƙarfin doki 15 ne ko 40, a tayar da shi yana sanyi, ba bayan mai shi ya ɗumama shi ba. A tabbatar siririn ruwan da yake sanyaya shi yana fita da ƙarfi, a kuma buɗe man giya: idan ya yi fari kamar madara, ruwa yana shiga. Inji mai nauyi a kan ƙaramin jirgi yana danne bayansa, ta nan kuma igiyar ruwa take shigowa.

Gwajin ƙarshe a cikin ruwa ake yinsa, da yamma idan iska ta taso, ɗauke da taru jiƙaƙƙe da mutane daidai yadda za a riƙa aiki, kowa sanye da rigar ceto. A lura da tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgi, a juya shi ya ba igiyar ruwa gefe, a ga ko yana komawa daidai da sauri. A ƙirga kuma sau nawa ake kwarfe ruwa, domin ruwan da yake yawo a cikin jirgi yana bin gefen da ya karkata ya ƙara masa nauyi.

Ga mai ƙaramin jari, ni na fi karkata ga jirgin jan katako mai faɗi da tsayin baki, wanda gindinsa ya ci gwajin wuƙa, ko da injinsa sai an sake. A tafi da tsohon masunci daga cikin Sarkawa ya duba, a biya kuɗi gaban shaidu, a karɓi takardar sayen injin mai ɗauke da lambarsa, sannan a nemi izinin su daga ma'aikatan ruwa da gandun daji kafin a jefa taru.