Makarantar Jinya ta Asibitin Koyarwa na Sakkwato: Hannu Na Faɗawa, Amma Hanyar Da Tsawo

Abin da ya ɗaga makarantar koyon aikin jinya ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo shi ne asibitin kansa. Nan ake turo marasa lafiyar da suka gagari ƙananan asibitocin Sakkwato da Kebbi da Zamfara, don haka ɗalibi na ganin cututtuka iri-iri da idonsa. Awon hawan jini, allura, ƙarin ruwa, wankin miki, sa robar fitsari, aikin dare, duk a gefen gadon majinyaci ake koyon su. A wannan fannin mun yaba mata ƙwarai.

Shiga ce ke da wuya. Ana neman kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO. Wanda ya haɗa sakamakon zama uku ya ɓata kuɗinsa. Gurbi ma kaɗan ne, domin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta yi wa rajista. Shi ya sa watanni 6 na farko, da ake kira PTS, suka zama rariya. Da yawa daga masu faɗuwa darasin sassan jiki da aikinsu ne ke kayar da su, saboda sun zo da haddar sakandare, alhali a nan sai an fahimci yadda zuciya da ƙoda ke aiki kafin maganar magani ta shiga kai.

Tsohon tsari shekara 3 ne, sai jarrabawar Majalisa ta kwamfuta da ta gwajin aiki, a samu lasisin RN, wato na nas mai rajista. Yanzu makarantun jinya na komawa ND da HND na shekara 4 ta hanyar JAMB, saboda haka a karanta sanarwar shekarar kafin sayen fom.

Raunin wannan hanya shi ne ba digiri take bayarwa ba. Mai burin matsayin nas ɗin da ke duba majinyaci ya rubuta magani da kansa, irin na Amurka, digiri na biyu ake nema a can, kuma galibi ba a hawa shi sai da digirin farko na aikin jinya, wanda a nan ake kira BNSc. BNSc ɗin shekara 5 ne a jami'ar, da shekara guda ta horon aiki. Mai RN kan iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, ko ya ƙaro ƙwarewa: ungozoma wata 18, ko jinyar masu taɓin hankali a asibitin tarayya da ke Kware.

Ga yarinyar da iyayenta ke son ta fara aiki da wuri kuma ba ta yi nisa da gida ba, muna ba da shawarar makarantar. Lasisin dai sabunta shi ake yi duk shekara 3, bayan halartar kwas ɗin ƙara wa juna sani na dole.