Yaya, a Dakata da Sayar da Filin

Assalamu alaikum Yaya. Ya Umma da jiki, ya yara? An ce mini kana neman mai sayen filin nan na gado don a yi mini allurar da na ambata a waya. Don Allah dakata, ka ji zancen daga tushe.

Ka san tun ina Kano, kafin aure ya kawo ni Kumasi, nake fama da baya. Sanyi aka ce. Wanzami ya yi ƙaho, an sha jiƙo, an shafa man kaɗanya. A nan unguwarmu ta Aboabo ma sunansa bai canza ba. Abin da ba wanda ya taɓa tambayata shi ne yaushe ciwon ke zuwa. Tun kafin assalatu yake tashina, ƙugu a ƙage, sai na fi rabin awa ina zagaya tsakar gida kafin ruku'u ya yiwu. In na kama aiki ya saki, in na kwanta ya dawo. Da na faɗa wa likitar gaɓoɓi haka a Accra, sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce ciwon bayan dako hutu yake so. Wanda motsi ke sassautawa, ya kuma fara kafin shekara 45, kumburi ake zargi a mahaɗar ƙashin baya da ƙugu.

Ta fannin tsari, gaskiya na yaba wa Ghana. Tun 2003 suka kafa inshorar lafiya ta ƙasa, kuma mai sayar da koko da ƙosai a bakin layinmu ma tana da katinta, alhali a gida yawanci a hannun ma'aikata muke ganinsa. A waya ake sabuntawa, a danna *929# a biya da MoMo, wato kuɗin cikin waya. Ganin likita da ƙananan gwaje-gwaje katin ya ɗauke mini. Amma da aka zo kan hoton MRI, daga lalitata kuɗin ya fito, ribar atamfa ta wata biyu. Likitocin gaɓoɓi kuwa ƙalilan ne, shi ya sa na ci kilomita wajen 250 zuwa Accra a motar kamfanin VIP. Kujera mai laushi, ga sanyi, amma mai irin bayana zaman awa biyar azaba ne.

Gwajin jinin da ake kira HLA-B27 bai nuna komai ba. Likitar ta ce kada in yi murna, don wannan alamar ba kasafai ake samunta a jinin mutanen Afirka ta Yamma ba. Hoton ne ya tona asiri, ya nuna kumburin.

To, ga inda filinka ya shigo. Likitar ta ba ni nafroksin, maganin kumburi, ƙagewar safiya ta ragu, ma'aunin kumburi na CRP ya sauka. Amma jiki duk tsami: kafaɗu, cinyoyi, damatsa, har ɗaurin zani zafi yake mini. In kwana barci, in tashi kamar na yi dakon kaya daga kasuwar Kejetia. Bashin da nake bin mutane ma sai in manta. Akwai wata takarda mai tambaya shida da ake cikewa, maki daga 0 zuwa 10, wanda ya kai 4 ana ɗauka cutarsa na ci. Ni na wuce nan nesa. A kan takarda, na cancanci allura.

Matar nan ba ta bi takarda ba. Ta sa babban yatsa ta bi jikina tana dannawa, dunduniya, haƙarƙari, gwiwar hannu, har wuraren da ba gaɓa, ko'ina ina zabura. Sai ta ce cuta biyu ce ta haɗu mini, ta farko kumburin ƙashin bayan nan, ta biyun sunanta faibromayaljiya. Ita ba kumburi ba ce, ba ta fita a jini ko a hoto. Jijiyoyi ne ke ƙara wa zafi murya, kamar lasifikar gidan biki da aka ƙure. Tana yawan bin masu ciwon ƙashin bayan, kuma wuraren da take taɓawa kusan su ne inda ɗayar ke kumbura, shi ya sa makin ke hawa. Allurar kuwa, irin su adalimumab, kumburi kaɗai take kashewa. Duk mako biyu ake yi, ba ranar gamawa, sai an gwada tarin fuka da ciwon hanta tukuna, a kuma ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 da 8. Wutar Kumasi ta fi tamu zama, amma kalmar dumso, wato a ɗauke wuta a kawo, ba a banza suka ƙirƙire ta ba. Da mun cinye filin, tsamin jikin yana nan.

Yanzu don tsamin jikin, ƙaramar ƙwayar amitriftilin nake sha da dare, in yi tafiyar ƙafa bayan asuba, da miƙe-miƙen da aka koya mini. Sauƙin a hankali yake zuwa. Idan kumburin ya sake tashi a jini ko a hoto, ta ce za a dawo kan maganar allura.

Shagunan magani kam, kamar gida. Wani yaro ya miƙo mini tiramol ba takarda, a cikin motar haya kuma ga mai kwalbar da ke warkar da cuta arba'in. Likitar ta hana ni duka. Ka sa ido kan Umma da daklofenak ɗin da take sha kullum, yana cin ciki da ƙoda.

Sai batun Auta. Cutar kumburin bayan na bin dangi, kuma tana taɓa ido. Ka tambaye ta ko bayan nata da asuba yake tashinta, in idon kuma ya sake yin ja da zafi, a kai ta asibitin ido a ranar. In mai motar goro zai taso, a sako mini yaji da daddawa, ta nan ba ta kai tamu ƙamshi ba.