Kafin Ka Sayi Tikitin Proms: Yadda Za Ka Zaɓa Tsakanin Baƙin Makaɗan Da Ba A Cika Jin Sunansu Ba

Duk wanda harka ta kai shi Landan tsakanin tsakiyar Yuli da tsakiyar Satumba, kuma yake da sha'awar jin kiɗan gargajiyar Turai da kunnensa ba ta rediyo ba, zai tarar da bikin Proms yana gudana a babban zauren Royal Albert Hall kusan kowane dare har tsawon mako takwas. An fara bikin a 1895 ƙarƙashin jagorancin Henry Wood, BBC ta karɓi ɗawainiyarsa a 1927, sannan aka mayar da shi wannan zaure a 1941 bayan da bama-baman yaƙi suka ƙone Queen's Hall inda ake yin sa tun farko. A shekara guda ana yin wasa sama da 70, amma baƙon da ya zo da kuɗin dare ɗaya ko biyu dole ne ya zaɓa, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin gaggawa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya bi suna. Ƙungiyoyin makaɗa na Berlin da Vienna sun cancanci martabar da suke da ita, sai dai kujerunsu ne kan fara ƙarewa da zarar an buɗe sayar da tikiti a watan Mayu, su ne kuma suka fi tsada, ga shi faifan kiɗansu ya cika duniya, kuma in an yi haƙuri za su sake dawowa. Ƙungiyar da ta taso daga Seoul ko Reykjavik ko Santambul kuwa tana iya zuwa sau ɗaya a yi shekaru ba a sake ganin ta ba. A ganina, mai ƙaramin kasafi ya fi cin riba a wajen waɗannan baƙi, amma ba kowace baƙuwar ƙungiya ce ta cancanci kuɗinsa ba, domin haka akwai abubuwan da ya kamata ya duba a jadawalin da ake fitarwa a watan Afrilu.

Shekarar 2014 ta fi kowace dacewa a yi awo da ita, domin a bazarar nan ne aka gayyato ƙungiyoyi da dama da ba su taɓa taka dandalin ba: daga Sin, Koriya ta Kudu, Singafo, Turkiyya, Katar, Iceland, Girka, Ostireliya da yankin Lapland na arewacin Finland. Abu na farko da ya bambanta su shi ne tsarabar da kowacce ta zo da ita daga gida. Makaɗan Seoul, ƙarƙashin Myung-Whun Chung, sun kawo wani kiɗa da 'yar ƙasarsu Unsuk Chin ta tsara domin wani abin busa da ake kira sheng, wanda Wu Wei ya busa. Shi sheng tarin bututun gora ne a tsaye, an dasa su a kan ɗan ƙoƙo da mai busa yake riƙewa da hannu biyu a gaban fuskarsa, yana fitar da sauti ko ya hura iska ko ya zuƙe ta, kuma yana ba da amo da yawa a lokaci guda. Wanda ya saba da yadda mai algaita ke cika kumatu ya yi ta busa ba yankewa zai gane irin gwanintar numfashin da ake bukata. Makaɗan Iceland, ƙungiyar da aka kafa a 1950 a ƙasar da mutanenta ba su kai dubu 400 ba a lokacin, sun zo da kiɗan Jón Leifs mai kwaikwayon maɓulɓular ruwan zafi da ke feshi daga ƙarƙashin ƙasa a tsibirinsu. Na Singafo kuma sun gabatar da sabon kiɗan fiyano na Zhou Long. Irin wannan shi ne abin da ba za ka samu a daren Vienna ba, kuma shi ya sa nake ba da shawara cewa idan jadawalin baƙuwar ƙungiya ba ya ɗauke da ko da kiɗa ɗaya na ƙasarta ko na yankinta, to a rage mata daraja a lissafi.

Ba wai ana nufin a guji sanannun kaɗe-kaɗe ba. Su ma waɗannan ƙungiyoyi sun rufe darensu da manyan ayyukan da kowa ya sani: na Seoul da kiɗan Tchaikovsky, na Singafo da na Rachmaninov, na Iceland da na Beethoven. Hikimar hakan ita ce a sabon kiɗa ake jin abin da suka fi kowa sani, a tsohon kuma ake auna su da ma'aunin da ake auna kowa. Jadawalin da ya haɗa biyun shi ne mafi kyawun saye. Ƙungiyar Borusan ta Santambul, wadda wani kamfanin Turkiyya mai zaman kansa yake ɗaukar nauyinta, ta bi wata hanya dabam, inda ta tattaro kaɗe-kaɗen da Turawa irin su Mozart da Holst da Respighi suka tsara suna hasashen ƙasashen Gabas. Dare ne mai armashi da ya dace da wanda bai taɓa shiga irin wannan zaure ba, sai dai mai saye ya sani cewa Gabas ɗin da zai ji ita ce wadda Turawa suka zana a ransu, ba wadda Baturke ya tsara ba.

Abu na biyu shi ne tsawon zaman madugu, wato mai jagorantar makaɗan, da jama'arsa. Ƙungiyar makaɗa mutum tamanin zuwa ɗari ce, masu goge da masu busa da masu ganguna, kuma haɗa numfashinsu ya zama ɗaya aiki ne na shekaru, kamar yadda 'yan amshi ba sa sanin inda mawaƙinsu zai sauka sai sun daɗe a bayansa. Lan Shui ya riga ya shekara 17 yana jagorantar makaɗan Singafo kafin ya kawo su Landan, tun da a 1997 ya karɓe su. Makaɗan Katar kuwa sun zo ne da Han-Na Chang, wadda ba ta wuce shekara guda da kama aiki ba, kuma washegarin wasan ta sanar da ajiye muƙaminta saboda saɓani da hukumar ƙungiyar. Wannan ba ya nufin daren bai yi kyau ba, amma yana nuna cewa sunan ƙasa da yawan kuɗinta ba su ne ke tabbatar da an zauna lafiya a cikin ƙungiya ba. Minti biyar na bincike a intanet ya isa ya nuna maka ko madugun na gida ne ko na aro.

Akwai kuma wani rukuni da wannan ma'auni bai cika kama su ba, wato ƙungiyoyin matasa da waɗanda aka tara domin wata manufa. Matasan Simón Bolívar na Venezuela da Gustavo Dudamel ya kawo a 2007 ba a san su sosai a Birtaniya ba kafin wannan dare, amma har yau ana ambatonsa. Ƙungiyar West-Eastern Divan, da Daniel Barenboim da Edward Said suka kafa a 1999, tana zaunar da Larabawa da Isra'ilawa a jere ɗaya. A 2022 an ga makaɗan Yukiren da aka harhaɗa bayan ɓarkewar yaƙi. A irin waɗannan darare abin da ake saye shi ne zafin nama da dalilin haɗuwar, ko da an ɗan samu tangarɗa a gefe. Ɗan Najeriya zai so ya duba ko sunan ƙungiyar Chineke! yana cikin jadawali; ita ba baƙuwa ba ce, a Birtaniya take, amma Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ita ta kafa ta a 2015 domin baƙaƙen fata da sauran tsiraru su samu gurbi a wannan sana'a, kuma ta fara bayyana a Proms a 2017.

Bayan an zaɓi dare, saura wurin zama, kuma wannan ya danganta da girman ƙungiyar. Zauren da'ira ne mai ɗaukar mutum sama da 5,000, kuma ya daɗe da matsalar amsa-kuwwa har sai da aka rataya wasu manyan faya-fayai a rufinsa a 1969. Babbar ƙungiya mai kakaki da tambura tana cika shi har can sama, amma ƙaramar ƙungiya irin ta Lapland sautinta kan siranta kafin ya kai benen ƙarshe, don haka a nemi kusa. Kujerun da ke bayan dandali sun fi araha a kan na gaba, kuma daga nan ana ganin fuskar madugu da motsin hannunsa, sai dai ganguna kan danne goge. Mafi arha duka shi ne tikitin tsayuwa, wanda ya kasance fam 8 a 2024, ana sayar da kusan dubu guda ta intanet da safiyar ranar wasan. Wanda ya tsaya a filin tsakiya yana iya matsawa har ya ji ƙarar juya takarda da numfashin masu busa, kuma a nan sauti ya fi kyau, amma tsayuwar kusan sa'a biyu ce, ba ta dace da dattijo ko mai ciwon gwiwa ba. Tikitin tsayuwa na benen sama ya fi sakewa, domin a can mutum yana iya zama a ƙasa ya jingina.

Musulmi zai so ya lura da lokaci. Yawancin wasannin da ƙarfe 7:30 na yamma ake farawa, a watan Yuli kuma rana ba ta faɗuwa a Landan sai wajen ƙarfe tara, saboda haka magariba kan shigo ne a rabi na biyu, alhali a ƙarshen Agusta takan zo kusa da hutun tsakiya, wanda ya fi sauƙin shiryawa.

Da ni ne mai kuɗin dare biyu, zan sayi kujera tun watan Mayu domin baƙuwar ƙungiyar da ta zo da kiɗan gida da madugun da ya daɗe tare da ita, in ajiye ragowar kuɗin don tikitin tsayuwa a daren Berlin ko Vienna, tunda ko kujerunsu sun ƙare, tikitin tsayuwa sai ranar wasan ake fitar da shi, kuma farashinsa ɗaya ne ko wace ƙungiya ce a kan dandali.