Gargaɗi ga sababbin zuwa Ingila kan damfarar ɗakin haya da alƙawarin aiki

Akwai wata damfara da take cin sababbin zuwa Ingila, kuma tana kama mutum ne a makonninsa na farko, lokacin da yake zaman alfarma a falon wani, kunya ta fara damunsa, ga shi ba shi da takardar albashi ko shaidar tsohon mai gida da dillalai suke nema. A wannan hali yake cin karo da talla a Facebook ko a wani zauren WhatsApp: ɗaki a gidan haɗaka kusa da tashar jirgin ƙasa, kuɗin wuta da ruwa duk a ciki, kuma mai tallar yana da hanyar samar da aiki a sito ko a gidan kula da tsofaffi.

Tsohon salon, wanda ake cewa mai gida ya yi tafiya, a tura kuɗi a aiko da makulli, mutane da yawa sun gane shi. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya dogara da abin da muka saba faɗa, wato gani ya kori ji. Ɗan damfarar yakan kama gida na kwana biyu ko uku, irin wanda ake ba matafiya, ya sa wa kowane mai nema lokacinsa daban don kada su haɗu. Zai buɗe ƙofa da makullinsa, ya nuna ɗaki da banɗaki, har ya buɗe firiji ya ce wannan layin naka ne, na sama kuma na wani ma'aikacin asibiti ne da ya fita aikin dare. Daga nan sai ya ce akwai mai zuwa da yamma da kuɗi a hannu. Ranar tarewa kuwa, mutane da dama ne za su taru da akwatuna a ƙofa ɗaya, kowa riƙe da takardar yarjejeniya iri ɗaya, shi kuma ya yi layar zana.

Dokar ƙasar ta ba mai nema ma'auni, ko da yake kaɗan ne suka san shi kafin su yi asara. Tun 1 ga Yuni 2019, kuɗin riƙe ɗaki (wanda ake biya don a ajiye wa mutum ɗakin kafin a sa hannu a yarjejeniya) a Ingila ba ya wuce hayar mako ɗaya, kuɗin ajiya kuma ba ya wuce hayar mako biyar muddin hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, sannan an haramta karɓar kuɗin ganin gida ko na rubuta yarjejeniya. Wajibi ne mai gida ya saka kuɗin ajiyar a ɗaya daga cikin asusun kariya uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, sai dai wannan kariyar ba ta shafi wanda yake zaune gida ɗaya da mai gidan ba. Ana iya duba sunan mamallakin gida a ofishin rajistar filaye da gidaje na gwamnati, wato Land Registry, ta intanet da kuɗi kaɗan, kuma gidan da mutum biyar ko fiye waɗanda ba iyali ɗaya ba suke zaune a ciki dole ya kasance da lasisin ƙaramar hukuma, wadda take ajiye rajistar da kowa zai iya dubawa. Idan mai nuna ɗakin ɗan haya ne shi ma, a nemi rubutacciyar amincewar mai gida. A ganina, wanda ya ce ba ya buƙatar ganin takardun izinin zamanka a ƙasar ya fi abin tsoro, domin tun 2016 doka ta wajabta wa masu gidaje su duba su.

Batun aikin ya fi muni. Wata doka ta 1973 ta hana kamfanonin samar da aiki karɓar kuɗi daga mai nema, in ban da wasu sana'o'in nishaɗi, kuma tun 22 ga Yuli 2025 aka rufe bizar masu kula da tsofaffi ga sababbin masu nema daga waje, amma har yanzu ana tallarta. Ko da ɗakin da aikin na gaske ne, haɗuwarsu a hannun mutum ɗaya igiya ce a wuya: yana zare haya daga albashi yadda ya ga dama, wani ma ya riƙe fasfo da sunan ajiya, kuma ranar da ka yi ƙorafi za ka rasa aiki da makwanci tare.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kira bankinsa nan take, ko ya buga 159, lambar da ke haɗa mutum da bankinsa kan batun damfara, ya kuma adana hoton tallar da saƙonnin kafin a goge su. Tun 7 ga Oktoba 2024 bankuna suna mayar wa wanda aka yaudara kuɗinsa har fam 85,000 bisa wasu sharuɗɗa, idan tsakanin asusun cikin ƙasar aka tura. Tsabar kuɗin da aka miƙa a hannu da wanda aka aika waje ba sa cikin wannan tsari, shi ya sa ɗan damfarar yake nacewa a kansu.